Su Waye Za Su Koya wa Ɗana Shugabanci?

Tambaya: Baba Malam, ina zaune a Tudun Wada nan Zariya. Ɗana ya gama sakandare bana, yana jiran sakamako. An kawo mini takardar wata makaranta mai zaman kanta da ta ce tana horar da matasa shugabanci na hidima bisa koyarwar addini. An jera hoton wanda ya kafa ta, da kwamitin amintattu, da malamai, kowa da digirinsa da muƙaminsa. Ta yaya zan gane mutanen kirki ne kafin in damƙa musu yarona? Kuma shi wannan shugabancin hidima, ba al'adar Turawa ba ce aka naɗa mata rawani?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya raya miki yaron nan, ya sa ki ci moriyarsa. Kin yi tambayar da iyaye da yawa ba sa yi sai bayan sun biya kuɗin zango biyu. Shekara 35 na yi a aikin koyarwa, daga aji zuwa ofishin hedimasta zuwa zagayen duba makarantu, bayan na yi ritaya kuma aka zaunar da ni a kwamitin wasu makarantun Islamiyya a nan cikin gari. Abin da zan faɗa miki ido ne ya gani.

Bari in fara da tambayarki ta biyu, don ta fi sauƙi. Sunan da suke kiran abin da shi a Turance, wato servant leadership, e, daga Amurka ya fito. Wani mutum mai suna Robert Greenleaf, wanda ya daɗe yana aiki a kamfanin waya na AT&T, shi ya yaɗa shi a wata maƙala da ya fitar a 1970. Ma'aunin da ya kawo kuma mai kyau ne: a dubi waɗanda ake shugabanta, shin suna ƙaruwa da hankali da lafiya da tsayuwa da ƙafarsu, har su ma su soma yi wa wasu hidima? Mai rauni a cikin jama'a kuma, me ya samu? Amma abin da sunan yake nufi ya girme shi da ƙarnuka. Manzon Allah (SAW) ya ɗauki tubali da hannunsa lokacin gina masallacin Madina, ya shiga rami ya kwashi ƙasa ranar Handaƙ har ƙura ta rufe masa ciki. Da aka tambayi Nana A'isha me yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita. Hadisin da ya ce dukkanku makiyaya ne, kowa za a tambaye shi abin kiwonsa, yana cikin Buhari da Muslim. Akwai kuma maganar da irin waɗannan makarantu suke son rubutawa a bango, cewa shugaban mutane shi ne mai yi musu hidima. Ma'anarta daidai ce, sai dai malaman hadisi sun raunana isnadinta. Ki riƙe wannan a ranki. In kin ji wani malaminsu ya faɗe ta, ki tambaye shi matsayinta cikin ladabi. Wanda ya ce miki, "Ai akwai magana a kan ingancinta, amma ga waɗanda suka inganta a kan wannan ma'ana," to kin samu mai tsoron ya faɗi abin da bai tabbata ba, kuma irinsa ake nema.

Maƙwabtanmu Kirista ma suna da nasu tushen. A Linjilar Markus sura ta 10 an rubuta cewa Yesu Almasihu ya ce wa almajiransa duk mai son zama babba a cikinsu sai ya zama mai yi musu hidima, a Yohanna sura ta 13 kuma an ba da labarin ya wanke musu ƙafa. Kin san Wusasa da ke nan gefen Zariya. Mishan ɗin Dokta Walter Miller, wanda ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932, makaranta da asibiti ya kafa kusa da coci, kuma daga hannun wannan mishan aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu da ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon. Mu Hausawa kuwa tuni muka taƙaita zancen da cewa babba juji ne. Don haka kada asalin abin ya dame ki. Abin damuwa shi ne babu darasin da ya kai shi daɗin faɗa, babu kuma wanda ya kai shi wuyar aikatawa. Allah ya tambayi muminai a Suratus Saffi don me suke faɗin abin da ba sa aikatawa, kuma a makarantar da take sayar da tarbiyya wannan aya ita ce jarrabawar malamai.

Lissafi ana koyon sa a allo. Nahawu ana koyon sa a littafi. Hidima kuwa yaro da ido yake ɗaukar ta, daga yadda ya ga manyan wurin suna yi da waɗanda suke ƙasa da su.

A 1976, shekarar da aka fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka tura ni wata firamare a wani ƙauye da ke yamma da Zariya. Yara sun yi yawa, azuzuwa sun yi kaɗan. Hedimastan dattijo ne mai ƙarancin magana. Kafin kowa ya iso ya riga ya jawo ruwa a rijiya ya cika randunan da yara ke sha. Da iskar farkon damina ta yaye kwanon aji ɗaya, sai ya kwashe tebur da kujerarsa daga ofis ya zuba yaran ciki, shi kuma ya koma gindin darbejiya yana cike rajista a kan gwiwarsa har aka gyara rufin. A lokacin a hannu ake biyan albashi. In ya karɓo, sai ya shimfiɗa tabarma ya ƙirga wa kowane malami nasa, daga ƙaramin cikinmu zuwa babba, har da maigadi, nasa ne na ƙarshe. Wata biyu na gani da idona kuɗin bai cika ba, kuma giɓin a kansa ya faɗa, bai ce wa kowa komai ba. Bai taɓa tara mu ya yi mana lacca a kan shugabanci ba. Amma duk abin da na yi na kirki da na zama hedimasta, a gindin darbejiyar nan na gan shi. Allah ya jiƙansa da rahama.

To in kin je makarantar nan, irin wannan mutum za ki nema, kuma ba a hoton takarda ake ganin sa ba. Zariya gari ne da tara sunaye ba ya wuya. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga babbar makarantar horon malamai, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Mai makaranta in yana da fuska, cikin mako guda zai samu farfesa biyu da dokta uku su yarda a sa sunansu, wasu don kunya, wasu don zumunci, wasu da kyakkyawar niyya amma babu lokaci. Ba na zargin su. Sai dai ɗanki ba zai zauna da su ba. Ki ce a nuna miki jadawalin darussa, ki duba sunan wanda zai shiga aji ranar Litinin da ƙarfe takwas, da wanda yake kwana kusa da ɗakin yara in makarantar kwana ce. Waɗannan su ne malaman ɗanki. Ki nemi ganin su, ki gaisa da su.

In kun zauna, ki yi musu tambayar da mutanen cikin birni suka saba yi: a hannun wa ka yi karatu? A zaurukan Unguwar Juma da Kona, mutum ba ya shimfiɗa buzu ya ce shi malami ne haka kawai. An san wanda ya biya masa Ahalari da Ishmawi, an san inda ya sauke Risala, an san wanda ya ba shi izinin karantarwa, kuma in ya kauce akwai dattijon da zai aika a kira shi. Ibnu Sirin ya ce wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku. Amfanin tambayar biyu ne. Za ki san tushen karatunsa, za ki kuma ji yadda yake ambaton malamansa. Wanda ya ambace su da girmamawa, ya ce har yanzu yana zuwa gaishe su, yana ɗaukar karatu, wannan ya san zaman almajiri, kuma wanda ya iya bi shi ne ya iya ja. Wanda kuwa ya ce shi a intanet da kaset ya haɗa komai, ba shi da kowa a samansa, ki yi hattara da shi ko da bakinsa zuma ne.

Kada kuma ki tsaya a kirki kaɗai. 'Yar dattijon Madyana da ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, siffa biyu ta ambata a Suratul Ƙasas: mai ƙarfi, amintacce. Abu Zarri sahabi ne mai tsoron Allah, amma da ya nemi a ba shi muƙami Annabi (SAW) ya ce masa shi mai rauni ne, muƙamin kuwa amana ne. Malami ma haka, sai ya iya abin da yake koyarwa. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, da rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista, ki tambaya. Amma mu a Jihar Kaduna mun ga iyakar takarda a 2017, lokacin da gwamnati ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su ci jarrabawar da aka yi musu ba. An yi ta gardama a kan yadda aka yi jarrabawar, ni ma ina da ta cewa a kai, amma ta nuna cewa satifiket ba ya shiga aji ya koyar. Ki roƙi a bar ki ki zauna a bayan aji minti ashirin. Makarantar da ta yarda da malamanta ba za ta hana ki ba.

Yanzu ga inda nake so ki fi kasa kunne, don nan ne na fi ganin asirin makarantu yana tonuwa: albashin malamai.

Akwai wata makaranta da na zauna a kwamitinta, ba zan kama suna ba. Mai ita mutum ne mai baiwar magana. In ya ɗauko labarin Sayyidina Umar da buhun garin da ya saɓa a bayansa ya kai wa matar da 'ya'yanta ke kukan yunwa, sai ki ga manyan mutane suna share hawaye. A shekarar da ya gina sabuwar ƙofa mai tayil da fitilu, malamai sun yi wata uku ba a biya su ba. Wata rana bayan la'asar na ci karo da malamin Larabci a bakin titi yana acaɓa da babur ɗin aro, ya naɗe fuska da ƙyalle don kada ɗalibansa su gane shi. Sun gane shi. Yara babu abin da ba sa gani. Zama biyu na kwamiti na yi shiru saboda nauyin mai makarantar, kuma shirun nan har yau yana ci mini rai. A zama na uku na yi magana. Amsar da aka ba ni ita ce malamai su yi haƙuri, aikin Allah ne, ladansu na lahira. Na ajiye kujerar. Kafin shekara ta zagayo, malamai huɗu mafiya ƙwazo sun tafi.

Wannan kalma ta "aikin Allah ne" gaskiya ce, amma a bakin mai biyan albashi takan zama bargon rufe zalunci. Malami yana da ikon ya yafe haƙƙinsa don Allah. Mai makaranta ba shi da ikon ya yafe wa kansa haƙƙin malami. Hadisi ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma a Buhari an ambaci mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗayansu wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya ci moriyar aikinsa, ya hana shi lada. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Doka ta sassauta wa wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma na san ƙananan makarantu da yawa ba za su iya biyan haka ba ko sun so, tunda iyaye ma da kyar suke biya. Ba a nan laifin yake ba. Abin dubawa shi ne in abu ya yi kaɗan, a kan wa giɓin yake faɗawa. In malami yana bin bashin wata uku, mai makaranta kuma ya sauya mota ko ya tafi Umara ta uku, to darasin da ɗanki zai koya ke nan, ko me aka rubuta a manhaja: babba ya ci, ƙarami ya yi haƙuri. Ba za ki tambayi malami kai tsaye nawa ake biyan sa ba, zai ji nauyi. Ki tambaye shi shekararsa nawa a wurin, ki tambayi na kusa da shi ma. In duk wanda kika tambaya bai cika shekara ba, alhali makarantar ta daɗe, ruwa ba ya tsami banza.

Sai shi kansa wanda ya kafa ta. Tambaya ɗaya ce a kansa: wa yake iya ce masa a'a? Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a ya ce an ɗora shi a kan mutane alhali ba shi ne mafificinsu ba, in ya yi daidai su taimake shi, in ya karkace su miƙar da shi. Shugaban da ke koyar da wannan huɗuba ya kamata a ga ƙofar da ya bari a buɗe don a miƙar da shi. Ki dubi kwamitin amintattun nan da kyau. In matarsa ce da ƙaninsa da surukinsa da wani tsohon ɗalibinsa da ba ya iya haɗa ido da shi, to a bi yarima a sha kiɗa ne, ba kwamiti ba. Ki tambaya sau nawa suke zama a shekara. Ki tambaya mutum nawa ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi daga asusu, kuma asusun da sunan makaranta yake ko da sunan mutum. In aka ce ki tura kuɗin makaranta asusun mai ita na kansa, ba lallai ɓarawo ba ne, amma ya haɗa aljihunsa da amana, kuma wanda ya yi haka ko bai ci ba ba zai iya nuna bai ci ba. Ki tambaya ko an taɓa yanke wata shawara da ba ta yi masa daɗi ba, aka kuma aiwatar da ita. Yadda fuskarsa za ta yi in ya ji wannan tambaya, shi ma amsa ce.

Wannan ba rashin yarda da malamai ba ne. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, 'yan shekaru kaɗan bayan fara jihadi a 1804, Malam Abdullahi ƙanin Shehu ya ga son mulki da tara dukiya sun soma shiga cikin mutane, har ransa ya ɓaci ya bar rundunar ya nufi gabas. A Kano aka tsayar da shi, ya karantar, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda mai mulki zai tsaya cikin iyakar shari'a, sannan ya koma. In jama'ar da Shehu ke raye a cikinta ta buƙaci mai faɗa mata gaskiya, ina ga makarantar wani bawan Allah a zamaninmu?

Daga nan ki duba ko yana shirya waɗanda za su gaje shi. Shehu bai riƙe komai a hannunsa ba. Ya raba tafiyar da mulki tsakanin Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya koma karantarwa har ya rasu a 1817. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ce ta fi burge ni a wannan fanni, kuma ke mace ya kamata ki san ta sosai. Ba ta ce duk macen da ke son karatu sai ta zo gabanta ba. Ta horar da jajis, dattawan mata amintattu, ta ɗora musu malfa alamar izini, suka riƙa kai karatu ƙauyuka suna jagorantar 'yan taru, wato matan da ke taruwa don ɗaukar karatu. Shi ya sa aikin bai mutu da mutuwarta ba. Makarantu nawa muka gani a garin nan sun yi tashe, mai su ya kwanta dama, 'ya'ya suka raba filin? In mai makaranta ya yi tafiyar wata guda komai ya tsaya cik, ba a iya sayen alli sai an buga masa waya, to bai koyar da shugabanci ga mataimakinsa ba, balle ɗanki. Ki duba kuma ko akwai mata a cikin masu koyarwa da masu yanke shawara. Ko da yaran duk maza ne, gobe mata za su aura, mata za su shugabanta a wurin aiki, yana da kyau su ga ana sauraren mace mai ilimi.

Akwai wani haɗari da ya keɓanci irin wannan makaranta, ina so ki san shi. Yaro in kullum ana ce masa "ku ne shugabannin gobe", yakan fito da yunwar kujera. Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman ɗan Samura kada ya nemi shugabanci, don in an ba shi saboda ya nema za a bar shi da shi, in kuwa an ba shi ba da nema ba za a taimake shi. Malamin kirki yakan koya wa yaro tsoron muƙami kafin ya koya masa riƙe shi. Wurin da za ki ga haka shi ne shugabannin ɗalibai. Me ke hannunsu, bulala ko tsintsiya? A layin abinci su ne farko ko ƙarshe? Ƙananan yara suna wanke musu kaya? Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta zo Zariya a 1949, ana yi mata kirari da yawan shugabannin da ta yaye, amma mutane suna mantawa da cewa asalinta makarantar horon malamai ce. Sardauna ya koyar a Sakkwato, Tafawa Ɓalewa ya koyar a Bauchi, Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, Shehu Shagari ma malamin makaranta ne. Sun tsaya gaban yara da alli a hannu shekaru kafin su tsaya gaban jama'a. Makarantar da take tura ɗalibanta su koyar da ƙananan yara a unguwa, su share asibiti, su yashe kwata kafin damina, malamansu kuma suna tare da su cikin taɓon, ta fi kusa da wannan tafarki a kan wadda take koya musu sa kwat da riƙe makirfo.

Amma ki lura da inda hidimar take gangarawa. Ruwa daga tudu yake zuwa kwari. In hidimar yara kullum sama take hawa, noman gonar mai makaranta, wankin motarsa, aikace-aikacen gidansa, ana ce musu neman albarka ne, wannan bauta ce aka sauya mata suna. Yi wa malami hidima abu ne mai kyau da muka gada, ni ma na ɗebo wa malamina ruwa na yi masa itace, amma shi ma ya ciyar da ni, ya yi jinyata da na kwanta, bai kuma karɓi kuɗin zango a hannun mahaifina ba.

Maganar horo kuwa ba ta son kunya. Ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna da ake kai yara da sunan gyaran tarbiyya, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, saboda sun ga sunan addini a ƙofa sun saki jiki. Ki tambaya wa ke da ikon hukunta yaro, da me, kuma ana rubutawa? In yaro yana da ƙorafi a kan malami, wa zai kai wa wanda ba abokin malamin ba? Za ki iya zuwa ganin ɗanki ba tare da sanarwa ba? Duk inda aka ce iyaye ba sa shiga, ko yaro ba ya magana da uwarsa sai da wani a tsaye a kansa, ki ɗauki ɗanki ku koma gida. Ki kuma tambaye su a fili wace fahimta ta addini suke koyarwa. Garinmu ya tara kowa, kuma hakkinki ne ki sani. Mai gaskiya zai faɗa miki ba ɓoye-ɓoye. Abin da ba zan yarda da shi ba ko daga wane ɓangare shi ne malamin da zai mayar miki da yaro yana ƙyamar gaishe da maƙwabci, ko yana ganin kakansa ɓatacce ne.

Takardun hukuma ba su da wuyar dubawa: rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da izinin hukumar kula da ingancin makarantu ta Jihar Kaduna, da bayanin ko shaidar da za su ba yaro a ƙarshe wata hukuma ta san da ita. Ki ce a nuna miki, kada ki karɓi "ana kan yi".

Kada ki je ranar bikin yaye ɗalibai ko ranar da suka gayyaci iyaye, ranar an share ko'ina an yi wa yara sabon ɗinki. Ki je ranar Talata ko Laraba wajen lokacin tara, ba tare da kin yi waya ba, ki tafi da kawun yaron ko wani dattijo na gidanku, da shi yaron kansa. Ki tsaya ki gaisa da maigadi da kyau, ki tambaye shi iyali, ki tambaye shi shekararsa nawa a ƙofar nan, ki ji ko shugaban makarantar ya san sunansa, ko ya taɓa zuwa duba shi da ya yi rashin lafiya. Ki leƙa ɗakin girki ki ga ko abin da malamai ke ci shi yara ke ci. Ki ce za ki kama ruwa, ki ƙi na ofis, ki shiga makewayin ɗalibai. Ki nemi lambar iyaye biyu da 'ya'yansu suka gama, ki kuma nemi wani malami da ya taɓa aiki a wurin ya bari, don shi ba ya tsoron kowa yanzu. Sannan ki yi istihara. A hanyar dawowa ki bar yaron ya yi magana kafin ke, ki tambaye shi wa ya fi kwanta masa a rai cikin waɗanda ya gani, da dalili. In kin dawo ki aiko mini da abin da maigadin ya ce.